Sankarar ɓargo, wankin ƙoda, da abin da suka yi wa jinina

Aikin gwajin jini na yi a wani asibitin gwamnati da ke ƙasar Gumel har na yi ritaya na koma ƙauyenmu noman gero da riɗi. Aikin shi ne a huda yatsa, a cika siririyar kwalba da jini, a toshe gindinta, a juya ta a inji na minti 5, sannan a karanta PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jinin mutum. Lafiyayyen namiji yakan ba da 40 zuwa 50, mace ta ɗan gaza haka. Wannan ɗan sanin ne ya sa da ciwo ya zo kaina nake karanta takardata tun kafin likita ya buɗe baki, kuma ba kullum hakan ke zama alheri ga zuciya ba.

Da ciwon baya da na haƙarƙari ya fara, bayan an gama kaka. Sai kasala, ƙishirwa ba dare ba rana, bayan gida ya yi tauri, fitsari yana kumfa. Da na sa aka duba ni, PCV ya nuna 21, gwajin saurin kwanciyar jini da ake kira ESR ya haura 100, kiriyatinin kuwa, dattin da ake aunawa a jini don sanin aikin ƙoda, ya ninka yadda ya kamata sau da yawa. Aka tura ni Kano, aka zuƙi ɓargo daga ƙashin ƙuguna ta baya, sakamako ya fito: sankarar ɓargo, wadda likitoci ke kira mayeloma.

A cikin ɓargo ake ƙera jini duka, jajayen ƙwayoyi masu kai iska, farare masu yaƙar cuta, da ƙananan da ke daskarar da jini a bakin rauni, filatilet. A wannan ciwo, wani jinsi guda na fararen ne ke hayayyafa ba kan gado, ya yi wa ɓargo abin da ƙuduji ke yi wa gonar gero, ana ganin shuka a tsaye amma ba amfani. Ƙwayoyin suna zubo wani furotin maras amfani cikin jini, shi ne ke zuwa ya toshe ƙananan magudanan ƙoda. Suna kuma cin ƙashi, kalsiyam ya hauhawa a jini, jiki ya bushe, ƙodar ta ƙara jigata. Allurar diklofenak da ƙwayar ibuprofen da ake ba duk mai ciwon baya a kemis ɗin ƙauye su ne ke ƙarasa ta. Duk wanda ya haura shekara 50 yana fama da ciwon ƙashi tare da ƙarancin jini, a duba ƙodarsa kafin a ɗirka masa waɗannan.

Ranar da aka ce sai an ɗora ni a kan injin wankin ƙoda, yayana ya ja kujera kusa da gadona ya ce, “Ka dai san abin da ake faɗa. Injin nan shan jini yake, wanda ya hau ba ya sauka. Mu koma gida a nemi na gargajiya.” Na ce, “Yaya, ba ni daren nan.” Ban runtsa ba. Tsoron mutuwa yana nan, amma abin da ya fi cin raina shi ne lissafin shanu da gonar da za su tafi, da ƙananan yaran da ban aurar ba. Uwargidana ce ta yanke maganar da asuba, ta ce, “Malam, dukiyar ai don irin wannan rana aka tara ta.” Ni kuma na san abin da takardar ke cewa: fotasiyam ya kai inda zai iya tsayar da zuciya, numfashi ya fara sarƙewa saboda ruwa. Na sa hannu.

Maganar yayana ba ƙarya ce tsagwaronta ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Injin yana taɓa jini. Amma rabonsa a cikin ɓarnar ƙarami ne idan aka gwada da na ɓargo, na ƙoda, da na maganin sankara, kuma wanda bai rarrabe su ba zai gudu daga abin da ke riƙe da ransa.

Ga yadda aikin yake. Kafin komai ana gwada mutum cutar hanta nau'in B da C da kuma ƙanjamau. Sai a sa roba mai baki biyu a babbar jijiya. Ta cinya aka fara sa mini, wadda ta wucin gadi ce, ba a son ta wuce mako guda saboda saurin ɗaukar ƙwayar cuta, daga baya aka mayar da ita ta wuya wadda ke bi ta ƙarƙashin fata. Famfo yana jan jini kimanin mililita 250 zuwa 300 a minti, ya tura shi cikin matata, wata doguwar roba mai ɗauke da dubban siraran zaruruwa masu rami. Jini na bi ta cikin zaren, ruwan wanki na bi ta waje, datti da ruwan da ya yi yawa su tsallaka, ƙwayoyin jini kuwa sun fi ƙarfin ramukan, sai su dawo jiki. Cikakken wanki awa 4 ne, sau 3 a mako, ko da yake aljihu yakan sa da yawanmu yin ƙasa da haka. Na farko ana taƙaita shi zuwa kamar awa 2, domin kwashe dattin da gaggawa yana kawo ciwon kai, amai, har da farfaɗiya. Matata ta yau da kullum ba ta cire furotin ɗin sankara yadda zai yi tasiri. Wanki yana sayo lokaci ne kawai, magani ne ke rage furotin ɗin daga tushe, don haka ba a jira ƙoda ta gyaru kafin a fara shi.

Jajayen ƙwayoyi su suka fi shan wahala. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera su, idan ta mutu umarnin ya yanke. Ɓargon kansa a cushe yake. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 tana yawo, a cikin jini mai datti takan mutu tun tana da kwana 60 zuwa 90. Sannan ga na injin: a kowane lokaci akwai kimanin mililita 200 zuwa 250 na jininka a waje, cikin layuka, wato robobin da jini ke bi, da matata. Idan an gama, nas tana kora shi da ruwan gishiri ya koma jiki. Ina roƙon duk mai jinya ya dubi matatar a wannan lokaci. Idan ta yi fari-fari da ɗan jirwaye ruwan hoda, jinin ya dawo. Idan zaruruwan sun yi baƙi-baƙi, kawunanta biyu sun cika da gudaji, to jini ya daskare a ciki kuma shara za a kai shi. Ranar da tawa ta toshe gaba ɗaya, ina kallo aka naɗe layukan jajawur aka jefa a bokiti, kusan rabin leda ke nan, ga shi a makon aka sha wahalar samo mini leda guda. Ko ba toshewa, ɗan abin da ke maƙalewa kullum da wanda ake ɗiba don gwaji yakan raba mai wanki da giram 1 zuwa 2 na sinadarin ayon, wanda jajayen ƙwayoyi ke buƙata, a shekara. Wanki kuma yana tafiya da folik asid, shi ya sa ake ba mu ƙwayarsa.

Gyaran kashi uku ne. Akwai allurar EPO mai maye gurbin sinadarin ƙoda, amma ga mai sankara likitoci na taka-tsantsan da ita. Ba a fara ta sai awon himogulobin ya sauka ƙasa da 10, wato PCV wajen 30, kuma ba a bin ta har a kai jinin lafiyayye, ana tsayawa kusa da 11, domin wuce haka na jawo gudan jini a jijiya da hawan jini. Haɗarin ya fi yawa ga mai shan magungunan sankara talidomaid tare da dekzametazon, irin haɗin da aka ba ni, saboda su ma suna sa jini daskarewa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, asibiti za a nufa, kada a tsaya tausa. Na biyu ayon ne ta jijiya, yawanci miligiram 100 a cikin layin wanki, don na ƙwaya ba ya shiga jikin mai ciwon ƙoda sosai, kuma EPO ba ta aiki in babu shi. A nan akwai tarko: gwajin feritin, mai auna ajiyar ayon, yakan fito sama a jikin mai sankara ko da ayon ya ƙare, sai a haɗa da gwajin TSAT mai auna ayon da ke yawo a jini, in ya gaza kashi 20 cikin 100 akwai ƙaranci. Ba a yin ayon ana cikin zazzaɓin ƙwayar cuta.

Na uku ƙarin jini. Leda ɗaya tana ɗaga PCV da maki 3 ko kusa. Ga mai wanki, a kan inji ya fi dacewa a ƙara, saboda jinin da ya kwana a firji yana tara fotasiyam, ga kuma yawan ruwansa, injin sai ya kwashe su nan take. Ƙarin jini a ƙaramin asibiti ga wanda ba ya fitsari yana iya cika masa huhu da ruwa cikin dare ɗaya. Samarin gidanmu da na majalisarmu su suka riƙa bi layi suna ba da jini, har wanda ban taɓa zaton zai zo ba. Har yau idan na gamu da su a masallaci nauyi nake ji, na rasa kalmar da ta kai.

Akwai wata fashewar jajayen ƙwayoyi da ba ta cika faruwa ba amma tana kisa. Layi ya lanƙwashe famfo yana matsa jini ta ƙaramar kafa, ko ruwan wanki ya yi zafi fiye da kima, ko an yi kuskure a haɗinsa, ko sinadarin tsabtace ruwan famfo ya tsallake tacewa. Alamarta ciwon baya kwatsam, ƙirji ya ɗaure, jinin da ke layin dawowa ya canja launi ya yi garau. A yi wa nas magana a take. Tsayar da injin ake yi, kuma wannan jinin ba a mayar da shi jiki, domin fotasiyam ɗin da ya fito daga fasassun ƙwayoyi zai bugi zuciya.

Fararen ƙwayoyi kuwa nasu sha'anin ruɗani ne. Da jini ya taɓa bangon matata, garkuwar jiki takan ɗauka baƙo ya shigo, sai nutrofil, jinsin da ke fara tarar ƙwayar cuta, su tafi su maƙale a jijiyoyin huhu. Cikin minti 15 zuwa 30 na farko adadinsu a jini yana faɗuwa, bayan kamar awa ɗaya su dawo. Matatun zamani sun rage wannan sosai, amma bai ɓace ba. Wanda aka ɗebi jininsa a wannan tsakani zai ga sakamako mai tayar da hankali, har a ɗage masa allurar sankara a banza. Dekzametazon kuma akasin haka yake yi, yana ɗaga adadin a takarda ba tare da ƙarfin yaƙi ya ƙaru ba, yana kuma ɓoye zazzaɓi. Sannan mu baƙar fata da yawanmu nutrofil ɗinmu a ƙasa yake tun haihuwa ba tare da wata cuta ba, abin da na sha gani a wurin aiki. Lambar da ake tsoro ita ce ƙasa da 1,000, in ta gaza 500 kuwa ƙaramar cuta ma tana iya kayar da mutum. Ko adadi ya cika, mai mayeloma ba shi da isassun makaman garkuwa, mai ciwon ƙoda kuma fararen ƙwayoyinsa ragwaye ne. Ga roba a wuya, ƙofa buɗe har cikin zuciya.

Wata rana ana cikin wanki sanyi ya rufe ni, haƙora na haɗuwa, gado na girgiza. Nas ta ce, “Baba, yaushe ruwa ya taɓa wurin nan?” Ƙwayar cuta ce ta zauna cikin robar, da famfo ya tashi sai ya watsa ta cikin jini. Aka ɗebi jini don gano ƙwayar cutar kafin a sa maganin kashe ta, aka yi ta allurai ta jijiya, a ƙarshe sai da aka canja robar. Rawar sanyi a kan inji ko jim kaɗan bayansa, robar ake fara zargi, ko da gwajin maleriya ya nuna akwai. Tun daga nan na ajiye ma'aunin zafin jiki a gida, ya kai 38 mota za a nema, ba a shan farasitamol a kwanta a ga abin da gari zai waye da shi. Wanka daga ƙirji zuwa ƙasa, sauran jiki da jiƙaƙƙen tsumma, bandejin ba mai buɗe shi sai a ɗakin wanki. Na tambayi malaminmu game da wankan ibada, ya nuna mini sauƙin da shari'a ta yi wa majinyaci. Gidan sauro ya zama dole, domin maleriya ita ma tana fasa jajayen ƙwayoyi ta kuma zubar da filatilet.

Su filatilet lafiyayyen adadinsu 150,000 zuwa 400,000 ne. Inji yana ɗan rage su a lokacin wanki su farfaɗo bayansa, wannan ba abin damuwa ba ne. Allurar botezomib, wadda ita ce ginshiƙin maganina saboda ba ta buƙatar a rage ta don ƙoda, tana saukar da su a kowane zagaye, su fi yin ƙasa wajen allurar ƙarshe, su hau a makon hutu. Ranar da ta haɗu da wanki, bayan an sauka daga inji ake yin ta, kada a wanke ta. Dattin ƙoda kuma yana hana filatilet kama juna ko da suna da yawa, a nan wanki gyara yake yi. Matsalar ita ce hefarin, maganin da ake sa wa a layi don kada jini ya daskare. In filatilet sun gaza 50,000, ko akwai inda ke zubar jini, akan yi wankin ba hefarin, nas ta riƙa kora ruwan gishiri cikin layin duk bayan minti 15 zuwa 30. Zubar jini ta ragu, amma matata ta fi saurin toshewa, kuma a irin wannan rana ce na yi asarar da na faɗa a baya. Kowane ɓangare da nasa haɗarin, likita ne ke auna wanda ya fi sauƙi a ranar. Akwai kuma waɗanda hefarin kansa ke jawo wa faɗuwar filatilet da kusan rabi, kwana 5 zuwa 10 da fara shi, tare da gudajin jini maimakon zuba. Su kam daina musu shi ake yi ɗungurungum, har wanda ake cusawa a bakin roba.

Alamomin da iyali za su sa wa ido: haɓo, jini a asuwaki, baƙin bayan gida, jajayen ɗigo-ɗigo a ƙwauri. Wanzamin gidanmu abokina ne tun yarinta, ya zo har ɗaki da ƙahonsa zai cire mini “mataccen jini” daga baya. Na ba shi haƙuri. Ƙaho, tsaga da cire haƙori duk sun haramta ga mai irin wannan jini sai da sanin likita.

Abin da na fi so mai jinya ya riƙe shi ne lokacin ɗibar jini. A ɗiba kafin a kunna inji, kafin hefarin ya shiga, kuma in daga roba za a ɗiba a fara zubar da abin da ke kwance a bakinta. A rubuta rana da lokaci a kan takardar, da ranar allurar sankara ta ƙarshe. PCV na bayan wanki yakan fi na kafinsa saboda an cire lita 2 ko 3 na ruwa jini ya yi kauri, ba ƙaruwa ya yi ba. Na ga iyalai suna murna da wannan lambar, bayan kwana biyu su ce asibiti ya shanye jinin. Likitan jini da likitan ƙoda kuma asibitinsu daban, ranakunsu daban, littafi guda da ke hannun majinyaci shi ke haɗa su. Maganin asaikulobiya da ake ba mai botezomib don kare shi daga ƙurajen nan masu bin jijiya, in ba a rage shi daidai da ƙoda ba yana sa ruɗewa da sambatu, a ƙauye a ce iska ce.

'Yan dubiya ba sa zuwa hannu sake, kowa da maganin ƙarin jininsa: jiƙon karan dafi, zoɓo, maltina da madara, dabino, zogale. Niyya mai kyau ce, sai dai ƙarancin jininmu ba na yunwa ba ne, kuma dabino, ayaba, zogale, alayyafo da tumatir cike suke da fotasiyam, madara na tara fosfet, jiƙo kuma ruwa ne da ba shi da hanyar fita. Ƙa'idar sha ga wanda fitsarinsa ya ragu ita ce yawan fitsarin jiya a ƙara rabin lita, ledar fiya wata ɗaya. Mai mayeloma da ƙodarsa ke fitar da fitsari sosai kuwa cewa ake ya sha da yawa, don haka kada wani ya ari dokar wani. A zafin bazara na Gumel, wannan rabin litar ta fi mini allura ciwo.

Shanun sun tafi kasuwar Maigatari wata Alhamis, riɗin shekara biyu ya bi su, gona ɗaya tana jingina. Akwai lokacin da na yi shawarar dainawa don in bar wa yara abin da ya saura, babban ɗana ya ce, “Baba, in ka daina, mu ne za mu rayu da abin.” Ban sake tayar da maganar ba.

Yanzu furotin ɗin ya sauka sosai, fitsari ya ɗan dawo, an rage mini wanki zuwa sau 2 a mako bisa gwaji, ba bisa aljihu ba. Wasu masu wannan ciwo ƙodarsu na farfaɗowa har su bar inji idan magani ya kama da wuri, tawa ba ta kai nan ba, sankarar kuma kwantawa ta yi, ba warkewa ba. PCV yana zaune tsakanin 29 da 32, na daɗe ba a ƙara mini jini ba. An yi mini fistula a hannun hagu, wato an haɗa jijiyoyin jini biyu don a riƙa wanki ta nan, tana buƙatar mako 6 zuwa 8 ko fiye kafin ta nuna a fara huda ta. Wannan hannun ba a awon hawan jini a kansa, ba a ɗibar jini, ba na kwanciya a kansa, kuma kowace safiya ina ɗora yatsu in ji tana zuuu. In ta nuna za a cire robar wuya. Motar asuba ta Gujungu da Gezawa ita ce har yanzu hanyata, ranar da zan hau inji ba na shan maganin hawan jini sai na sauka, kamar yadda likitan ƙoda ya tsara mini.